Ana iya wasa wuƙar kicin da sanfefa?

Wa alaikis salam, Malama. Kin ce wuƙaƙen da aka sa miki cikin kayan kicin duk sun dakushe, har tumatir sai ya fashe a hannunki kafin ya yanku. Kin ba mai injin wasa wuƙa da ke zagayowa unguwarku, sun dawo da kaifi, amma ba a rufa sati biyu ba suka koma gidan jiya, ga bakin babbar ya yi shuɗi-shuɗi. Ƙaninki kafinta ya ce ai sanfefa ma tana wasa wuƙa, ke kuma kina tsoron kada a ƙarasa lalata miki su.

Ƙaninki ya yi gaskiya. Ni ma gidan kafintoci na tashi, kuma na yi shekaru ina wasa wa masu sayar da abinci wuƙaƙensu, wani lokaci da dutse, wani lokaci da sanfefa. Wuƙa ba ta san abin da ya ci ta ba. Abin da take buƙata kawai shi ne wani abu da ya fi ƙarfenta tauri, a shimfiɗe daidai, da hannun da ba ya rawa. In an samu waɗannan, sanfefa za ta ba ki kaifin da zai aske gashin hannu.

Ɗauki wuƙar ki tsaya inda rana ke haskawa, ki juyo bakinta sama ki dube shi kai tsaye. In kin ga wani siririn zare yana ƙyalli a tsawon bakin, dakushewar ke nan kike gani da idonki. Bakin wuƙa gangare biyu ne da suka haɗu a layi ɗaya. Mai kaifi ba ta da faɗin da haske zai sauka a kai, shi ya sa ba ta ƙyalli. Da aiki ya yi aiki, layin nan sai ya lanƙwashe gefe ko ya mulmule. Wasawa kuwa ba komai ba ce illa a ci ƙarfe daga gefen nan da gefen can har gangaren biyu su sake haɗuwa.

Shuɗin nan da kika gani kuma ƙuna ce. Maƙeri yana gasa ƙarfe ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri, sannan a ɗan sake ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa karyewa. Wannan ɗumamawa ta biyu a yawancin wuƙaƙen kicin ba ta cika wuce digiri 200 ba. Baƙin ƙarfe yana yin shuɗi a wajen digiri 300, ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa sai zafi ya wuce haka sosai kafin ya canza launi. Dutsen inji yana juyawa da gudu, a bushe, bakin wuƙa kuma siriri ne, cikin ƙiftawar ido ya ɗauki zafi. Duk inda ya yi shuɗi taurinsa ya tafi, ya zama ƙarfe mai laushi, ko an wasa shi ba zai riƙe kaifi ba. Ba duk masu inji ne ke haka ba, akwai masu tsoma wuƙa a ruwa akai-akai suna sassauta hannu. Amma babbar wuƙarki dai ta ƙone a baki, kuma sai an cinye wannan wurin an isa lafiyayyen ƙarfe za ta dawo daidai. Za ta fi sauran cin lokaci, ki sa haƙuri.

Sanfefar da za ki nema ba irin ta ƙaninki ba ce. Ta katako, mai launin ja-ja ko ruwan ƙasa, ba ta jure ruwa, ƙwayoyinta kuma suna saurin zubewa a kan ƙarfe. Ki aika wurin masu sayar da fentin mota a ce a ba ki baƙar sanfefa ta ruwa, wadda masu gyaran jikin mota ke gogewa da ita kafin feshi. Ƙwayoyin da ke jikinta silikon kabaid ne, wani sinadari da Ba'amurke Edward Acheson ya gano hanyar haɗa shi a 1891. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tsayawa a 10, inda lu'ulu'u, wato daimon, yake, shi yana sama da 9, ƙarfen wuƙa kuwa yana wajen 6. Kin ga ba gasa a tsakaninsu.

A bayan kowane falle akwai lamba, galibi da harafin P a gabanta, wanda ke nuna ma'aunin Turai ne. Ƙaramar lamba, kaushi. Babbar lamba, laushi. Ƙwayar P220 tana da girman maikiron 68 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato kusan kaurin silin gashin kai. Ta P400 maikiron 35 ce, ta P1000 kusan 18, ta P2000 kusan 10. Falle huɗu sun ishe ki: 220, 400, 600 da 1000. Saboda waccan da ta ƙone, ko in akwai mai giɓi a baki, ki ƙara 120 guda ɗaya. Falle ɗaya yana da faɗin santimita 23 da tsawon 28, in kin raba shi uku kin samu dogayen yanka uku. Ki ninke ki yaga da hannu ko ki bi rula ta baya. Kada ki sa almakashinki mai kyau, a take zai mutu.

Sai abin shimfiɗawa, kuma a nan mutane da yawa ke yin sakaci. Sanfefa takarda ce, duk siffar abin da ke ƙarƙashinta ita za ta ɗauka. In kin ɗora ta a kan tabarma, ko cinya, ko katako mai tudu da kwari, bakin wuƙar zai mulmule maimakon ya tsaya. Ki samu gilashi mai kauri, ko tayil mai santsi da ya rage wajen gini, ko gutsuren marmara. Ɗora rula a kai ki duba ta gefe, in haske ba ya ratsawa ta ƙarƙashi, ya yi. In gilashi ne ki naɗe gefunansa da salatif don kada ya yanke ki. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa ki ɗora shi don kada ya zame. Sanfefar kuma ki tsoma ta a ruwa na ɗan lokaci, ki shimfiɗa a kan gilashin ki shafe da tafin hannu, ruwan zai manne ta. In tana naɗewa ki kama bakunanta biyu da salatif.

Yanzu karkata. Wuƙaƙen Turai yawanci ana wasa su a digiri 20 kowane gefe, na Japan da ƙarfensu ya fi tauri a wajen digiri 15. Irin namu na kasuwa ƙarfensu yana da ɗan laushi, in aka sirantar da bakin da yawa sai ya lanƙwashe, don haka 20 ta fi musu. Ba kya buƙatar wani ma'auni. Kwantar da wuƙar a kan sanfefa, ki ɗaga bayanta sama da kashi ɗaya cikin uku na faɗinta, digiri 20 ke nan ko kusa. In faɗinta santimita 4 ne, tsakanin bayanta da sanfefa ya zama santimita ɗaya da ɗan ɗori, kamar ƙaramin yatsanki ya shiga. In 15 kike so, kashi ɗaya cikin huɗu. Amma ki ji wannan da kyau: ko 18 ce ko 22 ba matsala, matsalar ita ce yanzu 15 anjima 30. Duk jan da kika yi a karkata dabam, kin rushe aikin wanda ya gabace shi. Ki ƙame wuyan hannunki, motsin ya fito daga kafaɗa da gwiwar hannu.

Dabarar da nake fara koya wa kowa ita ce ta maka, alƙalamin nan mai tawada da ake rubutu da shi a kwali. Ki shafa baƙar maka a gangaren bakin wuƙar gefe biyu, daga gindi har tsini. Ki ja sau biyu ko uku ki duba. In baƙin ya goge daga sama amma can bakin-bakin yana nan, kin kwantar da wuƙar da yawa, ba ki taɓa inda ake nema ba, ɗaga bayanta kaɗan. In bakin-bakin kaɗai ya goge, sama na nan baƙi, kin miƙar da ita da yawa. In ya goge gaba ɗaya, hannunki ya samu wurinsa, ki riƙe shi haka.

Jan kuwa baya-baya ake yi. A kan dutse ana iya tura wuƙa bakinta na gaba kamar za a fere dutsen, a kan sanfefa in kin yi haka za ki tsarga takardar, ko ta tattaro a gaban bakin ta dakusar da shi. Bayan wuƙar ne ke gaba, bakin na biye, kamar mai shafa bota a burodi. Hannun dama na riƙe da ƙota, yatsu biyu ko uku na hagu suna danne jikin wuƙar kusa da baki. Ki fara daga gindi ki ja a karkace yadda kafin ki kai ƙarshen takardar kin iso tsini. Inda wuƙar ta lanƙwasa zuwa tsini, ɗan ɗaga ƙotar sama don wurin ya taɓa. Da kin kai ƙarshe ki ɗauke wuƙar sama cak, kada ki murɗa hannu kamar mai kwashe miya, wannan murɗawar ita ke mulmule baki. Dannawa matsakaiciya ce. Za ki ji sauti mai kaushi, shaa, shaa, ruwan da ke kan takardar ya fara zama toka-toka. Ƙarfen wuƙarki ne ke fita. In ya yi kauri ki yayyafa ruwa.

To ga inda gizo ke saƙar, kuma in kin manta duk abin da na rubuta kada ki manta wannan. Ba a ƙirga ja, ba a duba agogo. Ana tsayawa a gefe ɗaya, a kan 220, har sai ƙarfen bakin ya sirance ya lanƙwasa zuwa ɗaya gefen. Ni leɓe nake kiransa, don kamar leɓe yake juyawa. Ido ba ya ganinsa sosai, yatsa ke jinsa. Ki ɗora babban yatsa a jikin wuƙar ta gefen da ba ki wasa ba, ki shafo a hankali daga baya zuwa baki har yatsan ya sauka. Ƙetarawa ake yi, kada ki taɓa bin tsawon bakin da yatsa. In gangaren ya iso baki za ki ji wani ɗan ƙaiƙayi yana kama fatarki, kamar bakin gwangwanin da aka buɗe amma ƙarami ƙwarai. Ki duba shi a gindi, a tsakiya, a tsini. Sau da yawa tsakiya ke fara yi, gindi da tsini su yi gardama. Ki koma wa wuraren da babu har sai leɓen ya haɗe daga farko zuwa ƙarshe. Sannan ki juya wuƙar ki yi wa ɗaya gefen kwatankwacin aikin da kika yi wa na farko, har leɓen ya koma can.

Wannan leɓe shi ne shaidar cewa gangaren biyu sun haɗu. In babu shi, wuƙa ba ta wasu ba, ko me aka yi mata daga baya. Na koyi haka da wahala. Ina saurayi mahaifiyata ta ba ni wuƙarta ta yankan nama ana gobe suna a gidanmu. Na yi wa 220 ja kaɗan na ga kamar tana ƙazanta jikin wuƙar, na tsallaka 1000, na zauna a kanta kusan awa guda. Gangaren ya yi sheƙi har ina hango idona a ciki. Da safe aka ɗora ta a kan nama tana zamewa. Na goge gefuna ne kawai, bakin yana nan a mulmule yadda yake. Na ji nauyin abin sosai, don ta dogara da ni, ga mata cike da tsakar gida suna jiran a gama yanka a ɗora tukunya. Tun ranar ban sake barin takardar farko ba sai yatsana ya ba ni izini. Kashi mafi yawa na aikin a kan wannan takardar yake. Wuƙar da ta daɗe ba a wasa ba tana iya cin minti 15 ko 20 a nan kaɗai, sauran takardun duka ba za su ci rabin haka ba. In kin ji takardar ta yi santsi ta daina ci, ki canza sabuwa, kada ki yi mata rowa.

A kan 400, 600 da 1000 ba sabon baki ake yi ba, zanen da takardar baya ta bari ake sharewa, leɓen kuma yana ƙara ƙanƙancewa. Kafin ki canza takarda ki ɗauraye wuƙar da gilashin, don ƙwaya ɗaya ta 220 in ta hau kan 1000 za ta yi ta karce miki baki. Ja 10 zuwa 15 kowane gefe ya isa, kuma kowace takarda hannunki ya fi sauƙi a kan wadda ta gabata. A ta ƙarshe ki riƙa yin ɗaya nan ɗaya can, da nauyin wuƙar kaɗai.

Saura cire leɓen, wanda shi ne rabin na biyu na sirrin. In an bar shi, wuƙa za ta yi kamar ta yi kaifi, ta yanka albasa biyu, leɓen ya kwanta a kan baki, ki ce wasawar ba ta yi ba. Wannan ma yana cikin abin da ke sa kaifin inji saurin tafiya. Kin taɓa lura da wanzami yana shafa askarsa a fata ko a tafin hannu kafin ya ɗora a kai? Aikin da yake yi ke nan. Ki samu tsohon bel na fata, ki shimfiɗa shi a kan tebur, ki ja wuƙar baya-baya a karkatar nan dai, sau 10 kowane gefe. In babu fata, kwali ko jarida da aka ninka a kan gilashin za su yi. In kina da man goge ƙarfe irin Autosol ki ɗan shafa a fatar, yana ƙara sauri. Bayan nan ki shafa yatsa a gefe biyun, kada ki ji ƙaiƙayi ko'ina.

Gwaji mai sauƙi ne. Riƙe fallen jarida a sama ki yanka daga gindin wuƙa zuwa tsini. Inda ta tsaya ko ta yage, akwai sauran aiki a daidai wurin. Sai tumatir nunanne: ɗora bakin ki ja ba dannawa, ya kamata ya shige fatar da kansa.

Ra'ayina a kan inda za a tsaya: wuƙar kicin ba ta buƙatar wuce 1000, sau da yawa ma 600 ta fi daɗin aiki. Zanen da 600 ke bari kamar ƙananan haƙora ne da ke kama fatar tumatir, tattasai da jijiyar nama. Bakin da aka goge har 2000 yana da kyan gani, yana aski, amma a ƙarfe mai laushi yana saurin zamewa a kan fata mai santsi. Wuƙar yanka dabba ce nake kai wa 1000 ko sama in bi da fatar bel ɗin nan sosai, musamman ta layya, domin hadisin Shaddad bin Aus da ke cikin Sahihu Muslim ya umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Ina jin ciwo duk shekara in na ga ana goga wuƙa a dakalin siminti da safiyar Sallah, rago na kwance yana jira. Aikin jajibiri ne wannan, a natse.

Tunda na ambaci siminti: na san a gidajenmu da dama da shi ake wasawa, ko a bakin dutsen niƙa, ko a goga wuƙa biyu da juna. Siminti yana ci, amma ƙwayoyinsa ba ɗaya ba ne, wani yashi wani tsakuwa, yana barin baki kaca-kaca da ƙaton leɓe. Kaifin yini ɗaya ne, kuma shi ke sa ki ga wuƙa ta rame a tsakiya kamar lauje. Gara gindin kofin tangaran, zoben nan mara santsi, in kina tsakiyar girki kina neman agajin gaggawa.

Akwai waɗanda wannan hanya ba ta yi musu. Wuƙar burodi mai haƙora ba a kwantar da ita a gilashi, sai dai a naɗe sanfefa a jikin siririn ƙarfe ko fensir a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Farar wuƙar tangaran kuwa ki bar ta, sai abin wasawa mai ƙwayar lu'ulu'u. Wanda kuma yake wasa wuƙa kullum, kamar mahauci ko mai tsire, ya sayi dutse mai fuska biyu, don sanfefa tana ƙarewa, kuɗinta zai taru ya wuce na dutse. Ke da za ki zauna wa wuƙaƙe huɗu ko biyar sau ɗaya a wata biyu, falle huɗun nan za su kai ki nesa.

In kin gama, kaifin zai daɗe ko ba zai daɗe ba gwargwadon abin da kike yanka a kai. Farantin silba, tire, tayil da murfin tukunya duk suna kashe baki a yini ɗaya. Katako ko roba ne abin yanka. Kada ki kankare yankakkiyar albasa da bakin wuƙa, juya bayanta. Ƙashi da daskararren nama a bar wa adda. Ki wanke ki goge ta bushe, kada ta kwana cikin kwanuka tana karo da cokula. Duk sati ki ɗan ja ta a kan fatar nan, in ta fara sanyi ki koma 600 ko 1000 na minti biyu. Ba sai kin sake sauka 220 ba, sai in ta yi giɓi.

Ki fara gwadawa da wuƙar da ba kya ji da ita, ta biyu za ta fi ta farko kyau, babbar da ta ƙone ki bar ta ƙarshe lokacin da hannunki ya faɗa. Ki wanke kowace da sabulu kafin ta taɓa abinci, saboda garin ƙarfe. Sannan don Allah ki sanar da duk mai shiga kicin ɗinki cewa an wasa wuƙaƙe. Yawancinmu a tafin hannu muke yanka albasa da kuɓewa, bakin wuƙa na tahowa kan babban yatsa, kuma hannun da ya saba da dakusasshiya yana dannawa da ƙarfi ba tare da ya sani ba. Kwanakin farko a yanka a kan katako, wuƙaƙen kuma a ɗaga su inda hannun yara ba ya kaiwa.